Kuɗin Rai da Kuɗin Hannu: Yadda Muka Bi Haƙƙin Inshora Bayan Haɗarin Hanyar Tawa

Wayar ta same ni a Yamai ina shirin fita aiki, kuma tun daga yadda kawuna ya yi sallama na san ba lafiya ba. Babbar motar da mijin ƙanwata yake tuƙawa ta kife tsakanin Tsarnawa da Badagishiri da sanyin asuba bayan tayar gaba ta fashe. Shi ya cika nan take, yaron motarsa kuwa, wanda ɗan kawun nawa ne, da ƙyar aka zaro shi, hannunsa na hagu a murƙushe. Daga Yamai zuwa Tawa tafiya ce ta fiye da kilomita 500, ta Dosso da Dogon Dutsi da Birnin Konni, saboda haka kafin in isa an riga an yi masa sutura an kai shi makwancinsa bayan la'asar, kamar yadda addini ya tanada. Ban ga laifin kowa a wannan gaggawar ba, har yau ma ban gani ba, sai dai a cikin waɗannan ƴan sa'o'in ne aka bar wata takarda wadda neman madadinta ya ci mana kusan wata huɗu.

Sai bayan sadakar bakwai muka san cewa akwai inshora. Wani abokin aikin marigayin ne ya ja ni gefe a zaure, ya ce kamfanin jigilar da suke yi wa aiki ya yanka wa direbobinsa da yaran mota asirans ta haɗari, kuma an taɓa biyan iyalan wani direba kafin wannan. A gidanmu, kamar a gidaje da yawa, idan aka ce asirans abin da ake nufi shi ne takardar da ake miƙa wa jandarma a bakin hanya, babu wanda ya taɓa kawo wa ransa cewa wata rana za ta iya ciyar da marayu. Da na kai maganar wurin kawu sai ya daɗe bai ɗaga kai ba, sannan ya ce, "Ɗana, mutum ya riga mu gidan gaskiya, mu kuma mu zauna muna lissafin kuɗin ransa?" Na ce masa, "Kawu, Allah ya ƙara maka haƙuri, ba namu ba ne da za mu yafe, na yara uku ne da uwarsu, da kuma na wanda yake kwance a likita ba hannu." Ya ce, "To, kai ne ɗan lakwal, ka bi, amma kada in ji an ce muna rigima a kan gawa." Da wannan izinin na fara, kuma abin da na koya a hanya shi nake so in rubuta, domin na lura yawancin mutane a ranar da suka fi kowa rauni suke fara jin labarin wannan inshora.

A Amurka da Kanada wannan nau'in inshora ya shahara a wuraren aiki, inda ake haɗa shi da inshorar rayuwa a ba ma'aikaci, kuma sunansa a can yana nufin mutuwar haɗari da rasa gaɓa. A ƙasashenmu masu aiki da Faransanci abin da za a gani a saman takardar shi ne "individuelle accidents". Ba inshorar rayuwa ba ce, kuma a nan mutane da yawa suke ruɗewa. Inshorar rayuwa tana biya idan mutum ya rasu, ko zazzaɓin cizon sauro ne ya yi ajalinsa ko tsufa, in ban da ƴan abubuwan da aka cire. Wannan kuwa ba ta biya sai idan haɗari ne ya jawo mutuwar ko nakasar, kuma haɗari a wurinsu kalma ce mai ma'ana ƙuntatacciya: rauni ne a jiki, wanda mutum bai jawo wa kansa da gangan ba, wanda ya zo farat ɗaya, kuma sanadinsa daga wajen jiki ya fito. Wanda zuciyarsa ta buga yana zaune a shago ya faɗi ya mutu, a bakin jama'a mutuwar fuju'a ce, amma a takardar inshora ciwo ne, ba za a biya ko dala ba. Wannan ƙuntatawar ce ta sa kuɗin yankarta ba su da yawa, ita ce kuma tushen kusan duk jayayyar da ake yi da kamfanoni.

Dokar da ke tafiyar da wannan harka ba ta Nijar kaɗai ba ce. Ƙasarmu tana cikin waɗanda suka sa hannu a yarjejeniyar da ta kafa CIMA a Yawunde a watan Yuli na 1992, ƙungiyar kula da harkar inshora da ke da mazauni a Libreville, kuma kundin dokokinta ya fara aiki a 1995, shi ne ake bi a ƙasashe 14 na yammaci da tsakiyar Afirka. Na samu kwafinsa a intanet na karanta sassan da suka shafe mu, kuma ban yi nadamar daren da na ɓata ba, domin ma'aikacin da yake magana da wanda ya san sashe na kaza ba ya yi masa irin maganar da yake yi wa wanda ya zo da roƙo. Abu na farko da na tambayi mai kamfanin jigilar shi ne rasiɗin biyan kuɗin inshorar na wannan shekara, saboda tun gyaran da aka yi wa sashe na 13 a 2011, yarjejeniya ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta. Da a ce ya yi sakaci bai sabunta ba, da duk sauran wahalar banza ce. Allah ya taimake mu, ya biya.

Ya kamata a bambanta ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa bayan haɗarin mota, domin mu da farko mun ɗauka ɗaya ce. Inshorar dole da kowace mota take yawo da ita an yi ta ne domin mutanen da motar ta cutar, ba ta rufe direban da yake riƙe da sitiyari, saboda haka ƙanwata ba ta da abin nema a can. Akwai kuma asusun CNSS, wanda ma'aikata suke kira Kes, mai kula da haɗarin da ya samu mutum a bakin aiki idan ubangidansa ya yi masa rajista, kuma wannan hanya ce dabam da takardunta dabam. Ita inshorar haɗari ba ta soke ɗayan biyun nan, tun da ba auna asarar da aka yi take yi ba, kuɗi ne ƙayyadaddu da aka rubuta tun ranar yanka ta. A takardarmu miliyan 3 na sefa ne idan an mutu, miliyan 3 kuma idan nakasa ta kai ɗari bisa ɗari.

Tuntuɓen farko shi ne wa'adin sanarwa. Takardar ta ce a sanar da kamfanin inshora cikin kwana biyar na aiki, mu kuwa sai a rana ta goma sha tara na shiga ofishinsu, domin mai kamfanin jigilar ya ɗauka iyali za su yi, iyali kuma ba su ma san da zamanta ba. Matashin da ya karɓe ni ya duba kwanan wata, ya girgiza kai, ya ce mun makara. Na ce masa dokar CIMA ba ta yarda a hana mutum haƙƙinsa saboda jinkirin sanarwa ba sai idan kamfanin ya nuna cewa jinkirin ya jawo masa wata asara, na kuma roƙe shi ya rubuta mini wace asara waɗannan kwanakin na jinkiri suka jawo musu. Bai rubuta ba, ya karɓi wasiƙar. Na riƙe kwafi na biyu na sa ya buga masa hatimi da kwanan wata, kuma daga ranar ban sake miƙa wata takarda ba tare da na karɓi irin wannan shaidar ba. Maganar baka a ofis ba ta da nauyi ko kaɗan, musamman idan wanda ya yi maka alkawari an canja masa wurin aiki.

Babban aikin yana wajen tabbatar da sanadin mutuwa. Takardar rasuwa da ofishin magajin gari yake bayarwa tana cewa wane ya rasu ranar kaza a wuri kaza, ba ta faɗin abin da ya kashe shi. Kamfanin inshora yana neman wata dabam, wadda likita ya gani da idonsa ya rubuta, kuma ita ce ba mu da ita, domin daga wurin haɗarin aka biya da gawar wani ƙaramin gidan likita, ma'aikacin jinya ya tabbatar rai ya yi halinsa, aka wuce gida. Abin ya ƙara tsananta da aka gano cewa marigayin yana shan maganin hawan jini. Likitan kamfanin ya jefo tambayar da duk mai hankali zai iya jefowa: shin motar ce ta kife ta kashe shi, ko kuwa jini ne ya hau masa, ya mutu ko ya suma a kan sitiyari sannan motar ta kife? Idan na biyun ne, ba haɗari ba ne a ma'anarsu. Ranar da na ji wannan tambayar raina ya ɓaci ƙwarai, amma da na huce na gane cewa wanda yake neman a biya shi, shi ne doka ta ɗora wa nauyin nuna cewa haɗari ne, kuma fushi ba hujja ba ne.

Abin da ya cece mu shi ne rahoton jandarmomin da suka je wurin suka yi konsta. Sun auna sawun taya a kan kwalta, sun rubuta cewa tayar gaba ta dama ta fashe, sun kuma zana yadda motar ta karkata, kuma tsawon sawun birkin ya nuna cewa akwai mutum mai rai da hankalinsa a kan kujerar direba yana kokawa da motar har zuwa ƙarshe. Ga kuma bayanin yaron mota da suka ɗauka yana kwance, inda ya ce ya ji ƙarar fashewar, ya ji maigidansa yana salati yana cewa ya riƙe da kyau. Na koma wancan ƙaramin gidan likita har sau uku kafin a lalubo babban littafin rajista, mai bango shuɗi wanda ƙura ta cinye gefensa, inda aka rubuta da biro layi biyu kacal: rauni mai tsanani a kai da ƙirji, an kawo shi ba rai. A kan waɗannan layuka biyu likitan yankin ya dogara ya rubuta mana takardar. Da a ce a ranar mutum ɗaya daga cikin masu rakiyar gawa ya tsaya minti goma ya ce a rubuta abin da aka gani a sa hannu, da jana'izar ba ta yi jinkiri ba, mu ma da ba mu yi ta zarya ba. A ganina duk dangi suna bukatar irin wannan mutum, wanda za a bar shi ya yi abin da wasu za su kira rashin kara, kuma bai kamata a zarge shi da son abin duniya ba.

Sun kuma nemi lasin tuƙi, wato permi, su ga ko na manyan motoci ne kuma bai ƙare ba. Wannan ya kai ni ga shafin abubuwan da inshorar ba ta rufewa, wanda doka ta ce dole a buga shi da haruffa fitattu yadda ido ba zai tsallake ba: tuƙi cikin maye, tuƙi ba permi, kashe kai, shiga faɗa in ba kare kai ba, yaƙi da tarzoma. A tamu har da hawan moto mai babban inji, da sharaɗin cewa mutuwar ta auku cikin wata goma sha biyu daga ranar haɗarin. Masu bin hanyoyin da tsaro ya taɓarɓare ya kamata su karanta layin yaƙi da harin ƴan bindiga sau biyu kafin su biya. Wani sauƙi a nan shi ne, idan kamfani ya ce abin ya faɗa cikin waɗanda aka cire, a mafi yawan lokuta shi ne zai kawo hujja.

Sauran takardun na iyali ne, kuma sun zo daidai lokacin da ƙanwata take takaba ta wata huɗu da kwana goma, ba ta fita. Sai da aka yi mini takardar wakilci, aka zauna taron dangi aka rubuta sakamakonsa, aka kai gidan shari'a aka samo takardar magada. Ƙaramar ƴarsu ba ta da takardar haihuwa, dole aka nemi hukuncin alƙali da shaidu biyu kafin a sa sunanta. A gurbin wanda za a biya, takardar inshorar cewa ta yi magada, ba ta ambaci sunan kowa ba, kuma wannan ya sauƙaƙa mana, domin da kuɗin suka fito malam ya raba su bisa ƙa'idar gado: tumuni ga matar, sudusi ga mahaifiyarsa da ke raye, saura ga yara, namiji rabon mata biyu. Inda aka rubuta sunan mutum ɗaya, wannan mutumin kaɗai kamfani zai biya, kuma na ga gidan da wannan ya raba kan kishiyoyi har yau ba sa ga-maciji. Malamai sun yi saɓani a kan inshora ita kanta, shi ya sa ake maganar takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, wadda CIMA ta fitar wa ƙa'idoji a 2019. Wannan magana ce ta masana, ni dai malamin da muka tambaya bai hana marayun karɓa ba.

Batun ɗan kawuna ya fi jan lokaci, kuma a nan ne muka yi asarar da har yanzu take ci mini rai. An yanke masa hannun daga saman gwiwar hannu. Kamfani ba ya biyan kuɗin nakasa sai rauni ya tsaya, wato likita ya rubuta cewa an gama magani kuma abin da ya rage ba zai ƙaru ba, ba zai ragu ba. Kafin nan takardar farko da likita ya rubuta ranar da aka kwantar da shi, mai bayyana kowane rauni, ita ce ginshiƙi, domin raunin da ba a ambata a cikinta ba da wuya a yarda daga baya cewa haɗarin ne ya jawo shi. Bayan wata bakwai likitan kamfanin ya duba shi, ya koma kan jadawalin da ke bayan takardar, inda aka yi wa kowace gaɓa kaso cikin ɗari. Rasa idanu biyu, ko hannu biyu, ko ƙafa biyu, ɗari ne cif. Daga nan abin yake sauka har zuwa yatsa guda. Yawancin takardun Amurka ba sa ƙirga hannu sai an yanke shi daga wuyan hannu zuwa sama, amma a tamu gaɓar da ta shanye ta daina aiki gaba ɗaya daidai take da wadda aka yanke, kuma wannan ya fi kusa da adalci. Karanta wannan jadawalin yana da nauyi a zuciya, domin mutum yana ganin jikin ɗan Adam an yi masa farashi gaɓa-gaɓa kamar a gaban mahauci.

A jadawalin namu hannun dama kashi 60 ne, na hagu kashi 50, wato 1,800,000 da 1,500,000, bambancin jika ɗari uku. Yaron nan bahago ne tun yana goye. Da hagu yake rubutu, da hagu yake ɗaure tampol, da hagu yake riƙe sifana, abinci kaɗai Inna ta tilasta masa ci da dama. Takardar ta tanadi cewa a juya kason ga bahago, amma da sharaɗin an faɗi haka ranar rajista. Da aka zaro fom ɗin sai ga ɗan akwatin da ake sa alama babu komai a ciki, domin magatakardan kamfanin jigilar ne ya cike wa ma'aikata duka a zama ɗaya, ya kira su suka sa hannu ba tare da an karanta musu ba. Na kawo wasiƙar malamin da ya koyar da shi a firamare, na nuna musu cewa ko sa hannun da ke kan fom ɗin ya karkata irin na bahago. Suka ce ba su musa ba, amma sharaɗi sharaɗi ne. Takardar ta ba mu damar kawo namu likitan, in an saɓa a kira na uku a raba kuɗin aikinsa, sai dai wannan ba saɓanin likitoci ba ne, saɓanin rubutu ne. Akwai ofishin kula da harkokin inshora a ma'aikatar kuɗi da ake kai ƙorafi, akwai kuma gidan shari'a, kuma doka ta ba mai rauni shekara biyu ya nemi haƙƙinsa, magadan mamaci kuma fiye da haka, wa'adin da wasiƙa mai rajista take iya katse shi. Na so mu bi, amma kawu ya tuna mini sharaɗinsa na ranar farko, shi kuma yaron ya gaji, yana son ya kama ɗan shago kusa da tasha kafin damina.

Ranar karɓar kuɗi sun miƙo takardar sallama wadda ke cewa an biya shi duka kuma ba shi da sauran magana. Na karanta masa ita da Hausa, layi-layi, na gaya masa cewa idan ya sa hannu jika ɗari ukun nan sun tafi ke nan. Ya ce, "Yaya, na ji, miƙo biron." Ya riƙe shi da dama kamar ɗan ajin farko, ni kuma na danne masa takardar da tafin hannuna don kada ta zame, ya ja wasu layuka masu rawa waɗanda ba su yi kama da sunansa ba. A banki mai biyan kuɗi ta gwada su da sa hannun da ke kan katinsa na ɗan ƙasa, ta ce ba iri ɗaya ba ne, ba za ta iya biya ba. Bai ce mata komai ba, ya juya mata kafaɗarsa ta hagu inda aka naɗe hannun riga aka soke da allura. Ta yi shiru, ta buɗe aljihun teburinta ta ɗauko tawada, ya dangwala babban yatsansa na dama.